Turmin da Ba a Roƙa Ba

Gidan gem ɗina, wato gidan wasannin inji, a garin Numazu na ƙasar Japan, ƙofa biyu gare shi. Ɗaya tana kallon layin kasuwa mai rufi, ɗaya tana fita lungun baya, inda mai taliya yake jera kwandunan shararsa. Mijina ne ya tsara shi haka, sannan ya rasu ya bar ni da injuna da ƙurarsu da warin tabar da ta kama bango. Sunana Chizuru. Ban taɓa son gem ba, na dai iya kwance maɓalli in goge in mayar, na kuma iya korar mutum.

Injunan faɗa a tsakiyar ɗakin suke, a jere, baya da baya, sun raba shi gida biyu. Wanda ya zauna ta wannan gefe yana dambe da wanda ya zauna ta wancan, amma ba ya ganinsa, sai abin da hannunsa yake yi a kan allo. Ba a kuma leƙawa. Duk wanda aka doke ya tashi ya zagaya don ya ga fuskar wanda ya doke shi, to rigima yake nema, kuma a da can, lokacin da gidan yake cika, da farantin tokar taba ake ba shi amsa. Ni kaɗai nake ganin ɓangarorin biyu, don kantata a ƙarshen jerin take. Abin da na gani kuwa ba na faɗa wa kowa.

A can ƙurya akwai wani wasa mai suna Tetsugeta. Kamfanin da ya yi shi ya rushe tun mutane ba su gama koyon sunan ba, kuma ban ga laifin mutanen ba, don wasa ne mummuna. Launinsa ya koɗe tun yana sabo, kiɗansa gajere ne yana ta maimaita kansa har ya shiga wa mutum haƙori. A cikin 'yan damben akwai wani tsoho mai shuri da takalmin ƙarfe, akwai wata mata mai maka wa mutane daskararren kifi tsawonta. Masu tara tsofaffin injuna sun sha zuwa daga Tokyo suna tayawa, ina ce musu ba na sayarwa ba ne. Ba don ina ƙaunarsa ba. Saboda mutum biyu ne, da ranar Litinin.

Na farko Sawatari Kuniaki, wanda yake shigowa ta ƙofar kasuwa. Na san shi tun yana zuwa da kayan makaranta yana ɓoye jaka a ƙarƙashin kujera, shi ya sa har yau, da furfurarsa, Sawatari-kun nake ce masa, irin kiran da ake yi wa yaro. A gidan kula da tsofaffi yake aiki, yana wanke su, yana ba su abinci a baki, Litinin ce hutunsa. Mai Takalmi yake ɗauka kullum. Na biyu Hayasaka Mitsugu, mai shagon aski a hayin kogi, kuma masu aski dama Litinin suke rufewa. Shi ta lungu yake shigowa, yana ƙamshin man aski, ya ajiye hularsa a kan injin, ya ɗauki Mai Kifi.

Shekaru suka yi suna haka, har na daina lura da lokacin da suka fara. Babu wanda ya san sunan ɗan'uwansa, babu wanda ya taɓa ganin ko ƙeyar wani. In Sawatari ya ci yau, mako mai zuwa mai aski zai rama, kusan kullum kunnen doki. Wanda zai riga tashi sai ya ƙwanƙwasa gefen injin da yatsa, ɗayan ya amsa, sallamar ke nan. Ko gaisuwar sabuwar shekara ba su da wata bayan wannan.

Wata shekara da sanyi ya shigo, mai aski ya ɓace. A kasuwa na ji cewa hawan jini ne ya buge shi a tsaye, da almakashi a hannu, ɓarin damansa ya shanye. Sawatari ya ci gaba da zuwa yana dambe da inji, wanda ba shi da wayon da ya wuce na kaza. Ya tambaye ni sau ɗaya ko lafiya, na ce masa ni mai goge injuna ce, ba mai ba da labari ba.

Da furanni suka fara buɗewa, ƙofar lungu ta motsa, sai ga Hayasaka-san, shi kam da kiran girmamawa nake kiransa, da sandar dogarawa. Ya rame, bakinsa ya ɗan karkace, hannunsa na dama a manne da ciki. Na yi masa barka da zuwa yadda na saba, ban ƙara ko kalma ba. Ya zauna, ya ajiye hular, ya ɗora wannan hannun a kan maɓallai da taimakon ɗayan, ya jefa kwandala. Ta wancan gefe na ga Sawatari ya gyara zama yana murmushi shi kaɗai kamar yaro.

An yi wa mai aski dukan kawo wuƙa a ranar. Hannunsa na hagu, mai riƙe sandar inji da ake juya ɗan dambe da ita, lafiyarsa ƙalau, Mai Kifi tana shiga tana fita yadda ta saba. Amma in ta kai ga inda za ta kai duka, sai kifin ya zo a makare. Haka aka yi mako bayan mako, ana dukansa yana sake jefawa, zufa tana zubo masa ta kunne. Ban taɓa ganin wanda ake cinyewa yana tashi da annuri irin nasa ba. Yakan ƙwanƙwasa injin ya ɗauki hularsa yana ɗan waƙa a ciki.

To, akwai wata al'ada a gidajen gem wadda kowa ya sani. Faɗa turmi uku ne, wanda ya ci biyu ya ci. In gwani ya haɗu da yaro ko ɗan koyo, sai ya ci turmin farko, ya sakar masa na biyu don kada kuɗinsa ya tafi a banza, sannan ya ƙarasa shi a na uku. Ladabi ne, ana ma yaba wa mai yin sa. Amma ɗan koyo ake yi wa. In ka yi wa sa'anka, gara ka zagaya ka mare shi.

Ranar wata Litinin, ina tsaye da tsumma a hannu, na ga Sawatari ya ci turmin farko. A na biyu sai Mai Takalmi ya fara tsalle inda ba a tsalle, yana kai shuri cikin iska, yana buɗe ƙirji yana jiran kifi. Ya yi ƙoƙarin ɓoyewa, amma wa zai ɓoye wa? Mutumin da ya san hannunka shekara da shekaru ya san ranar da ka yi kuskure, ya san ranar da ka ƙirƙire shi. Mai Kifi ta ci turmin. Na dubi fuskar mai aski, na ga annurin nan ya ɗauke gaba ɗaya.

Da aka shiga turmi na uku, Hayasaka-san ya saki sandar inji ya ɗora hannu a cinya. Mai Kifi ta tsaya ƙiƙam a tsakiyar allo. Mai Takalmi ya matso, ya ja baya, ya sake matsowa, shi ma ya tsaya. Haka suka yi cirko-cirko, kiɗan banzan nan yana ta zagayawa, har lokacin turmin ya ƙare. Mai aski ya ɗauki hula da sanda ya fita ta lungu. Bai ƙwanƙwasa ba. Sawatari ya ƙwanƙwasa nasa gefen, ya saurara, ya sake ƙwanƙwasawa.

Litinin ta gaba kujerar baya ba kowa. Wadda ta biyo ta ma haka, sai damina ta sauka.

Ban taɓa ganin babban mutum ya rasa sukuni irin na Sawatari ba. Ya kasa zaune ya kasa tsaye. Zai jefa kwandala ya fara da inji, ya bar shi a tsakiya ya tashi, ya sayi gwangwanin kofi, ya manta da shi a kan kanta ya sayi wani. Zai fita ƙofar kasuwa ya tsaya kallon ruwa, ya dawo da gudu don ya ji kamar an taɓa ƙofar lungu, alhali mai taliya ne yake jan kwandonsa. Ƙafarsa tana ta rawa a ƙarƙashin kujera har injin kusa yana amsawa. Ya fara zuwa ranar Laraba bayan aiki, ya zo Asabar, wai ko mutumin ya canja rana. Wata rana na kama shi ya kai har ƙarshen jerin yana shirin leƙa kujerar da ba kowa a kanta, na ɗaga masa tsumma, ya koma.

Ya roƙe ni sunan, na hana. Ya roƙi unguwar kawai, na hana. Ya ce to in gaya masa ko tsoho ne ko yaro, na ce ya tafi gida ya yi wanki.

Gaskiya ni ma abin ya hana ni sakat. Na goge maɓallan wancan gefen har sun gaji da ni. Na canja wa kujerar soso. In na ji motsi a lungu sai in ɗaga kai kafin Sawatari ya ɗaga, in ji haushin kaina. Tsoro nake ji, tsoron kada mutumin nan ya zauna a gida ya ruɓe, kuma ya zama a gidana aka yi masa abin da ya zaunar da shi. Wata Alhamis na rufe da wuri, na ɗauki lema na haye gada.

Shagon yana nan yana aiki, 'yarsa Emi ce take riƙe da almakashi yanzu. Shi kuwa yana can baya a kan wata kujera yana ninke tawul da hannu ɗaya. Matarsa Setsuko, mace mai kirki wadda kirkinta zai iya shaƙe mutum, ta kawo mini shayi, ta ɓare masa lemo, ta cire masa har zaren jikin lemon, tana cewa Baba bari in yi maka, Baba kada ka wahalar da kanka. Ina zaune aka gama yi wa wani tsohon abokin ciniki aski, ya ce lallai sai maigida ya taɓa masa ƙeya da mataji, don babu mai gama aski irinsa. Aka miƙa masa mataji, ya shafa sau biyu, kowa ya yaba. Na ga yadda ya miƙa matajin baya ba tare da ya dubi kowa ba.

Da Setsuko ta shiga ciki, ya ce, "Kin gaya masa."

"Ni? Yaushe ka taɓa ji na gaya wa wani wani abu, ban da ya sauke ƙafa daga kan kujerata?"

Ya murza bakin tawul. "To a allo ya gani ke nan. Wannan ya fi muni." Maganarsa tana ɗan jan ƙafa, amma tana fita. "Chizuru-san, kin ga gidan nan. Kowa turmi yake ba ni. Matata, 'yata, wancan da ya fita yanzu. Wuri ɗaya ya rage mini a garin nan inda ake dukana da gaske, don wanda yake dukan bai san ni ba. In ya doke ni, sai in ji ina nan. Yanzu shi ma ya shiga layi."

Na ce masa injin yana nan, kujerar ma na canja mata soso. Ya ce ya gode, in gaida kasuwa. Setsuko ta rako ni ƙofa tana raɗa mini cewa ita kam ta ji daɗi da ya daina zuwa, don yakan dawo a jiƙe da zufa, hannun yana karkarwa har ya kasa riƙe cokali. Na haɗiye abin da ya zo mini baki, don bai dace da matar da ta ba ni shayi ba.

Litinin ta zagayo, Sawatari ya shigo da kwalin alewar wake irin mai tsada, an naɗe shi da takarda mai kyau. Ya ajiye a kan kanta da hannu biyu, ya sunkuya, ya ce in taimaka in kai wa mutumin, in ce yana ba da haƙuri. Na tambaye shi haƙurin me.

"Hannun dama ne, ko?" ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Ba sai kin amsa ba. Dabararsa tana nan, tafiyarsa daidai take, dukan ne yake zuwa a makare. Kullum ina ganin irinsa a wurin aiki. Na ga ina ta cinye shi mako bayan mako, sai na ji kamar ina dukan mutumin da yake kwance. Turmi ɗaya ne kawai, don ya ɗan ji daɗi."

"Ya roƙe ka?"

Ya ce a'a.

"Shekara nawa kana dukansa, ya taɓa fasa zuwa? Watannin nan da kake cinye shi, ya fasa? Rana ɗaya ka tausaya masa, ga kujerarsa nan." Na ja kwalin gabana na yage takardar. "Yanzu kuma za ka aika masa alewa. Ka haɗa da bargo mana, da cokalin ba shi a baki. Sawatari-kun, nan ba wurin aikinka ba ne."

Na ciro alewa ɗaya na ci a gabansa, don ya tabbata kwalin ba inda za shi. Ya tsaya yana kallona, kunnuwansa sun yi ja. Bai taɓa injin ba a ranar. Ya zagaya ɗakin ta nasa gefen, ya fita, ya dawo ya ɗauki lemarsa da ya manta, ya sake fita. Na yi zaton na kore shi shi ma, na kwana biyu ina cin alewar da ba ta yi mini daɗi ba.

Ranar Juma'a ya faɗo da kayan aiki a jikinsa, ko zama bai yi ba. Ya ce yana da wani saƙon. Na ce in haƙuri ne ya riƙe abinsa.

"Ki gaya masa," ya ce, yana kallon kanta, "Mai Kifinsa ta daɗe da ishe ni. Tsallen nan da yake yi daga ƙurya, tun kafin ya yi rashin lafiya nake gane shi, ina ƙyale shi ne kawai. Ki ce in tsoro ne ya hana shi zuwa, na fahimta. In kuwa ya zo, ko ɗigon jini ba zan bar masa ba."

Da ƙyar ya ƙarasa, don mutumin nan ko ƙuda ba ya iya zagi. Na sa ya maimaita, na ce ya cire maganar rashin lafiya, ba ruwansa da ita. Ya cire.

Na kai saƙon kalma da kalma, a gaban Setsuko, don ta ƙi matsawa. Ta ajiye butar shayi da ƙarfi ta ce wannan wane irin marar tarbiyya ne, kuma ni da girmana na ɗauko irin wannan magana na haye da ita gada. Hayasaka-san kuwa ko ɗagowa bai yi ba. Ya ci gaba da ninke tawul, ya ninke, ya warware, ya sake ninkewa. Sai da na miƙe zan tafi ya tambaya wane tsalle ake nufi, na hagu ko na dama. Na ce ban sani ba, ni ba na wasan. Ya yi tsaki ya ce shi ma yaron bai sani ba, cika baki ne.

Litinin ɗin nan mai aski bai zo ba. Sawatari ya wuni a kujera yana juya kwandala a yatsu, in ta faɗi ya ɗauka. Ni kuma na zubar da kofi a kan kanta sau biyu. Da yamma ya ce mini watakila ya wuce gona da iri, watakila kwalin alewar ya fi. Na ce ya tafi gida, don ni ma tunanin da nake yi ke nan kuma ba na so ya gani a fuskata.

Litinin ta gaba ce, bayan azahar, ruwa ya ɗauke rana ta fito da zafinta, na ji ƙarar sanda a kan dutsen lungu. Ya shigo shi kaɗai, an yi masa sabon aski. Bai gaishe ni ba. Ya zauna, ya ajiye hula, ya ɗora hannun a kan maɓallai. Sawatari yana tsakiyar dambe da inji sai allonsa ya yi walƙiya, ya rubuta masa cewa ga mai ƙalubale ya shigo. Na ga kafaɗunsa sun ɗaga sun sauka. Ya goge tafinsa a wando.

Turmin farko bai daɗe ba. Mai Kifi ta yi tsallen ƙuryar nan, takalmin ƙarfe ya tare ta a sama, daga nan ba ta sake samun ƙasa ba. A na biyu mai aski ya canja salo. Ya daina neman duka mai yawan maɓalli, ya koma ja da baya yana tsokana da wutsiyar kifi, abin da yatsa ɗaya zai iya. Ya ɗan rage jinin Mai Takalmi a allo, ya ƙara, har na ga Sawatari ya matso da fuska kusa da allo. Sai dama ta samu, babbar dama, Mai Takalmi ya kai shuri ya kuskure da gaske. Mai aski ya juya sandar inji daidai, ya kai hannun dama ga maɓallai, yatsun suka ƙi. Mai Kifi ta ɗaga kifin ta tsaya da shi a sama, cikinta a buɗe.

Daga inda nake ina ganin su duka biyu. Ina ganin yatsun mai aski suna kokawa da maɓalli, ina ganin hannun Sawatari ya tsaya cak a kan nasa. Ya san abin da yake faruwa a bayan injin kamar yana kallo. Na matse tsumma.

Sawatari ya danna. Shuri a ciki, shuri a haɓa, sannan wanda yake ɗaga mutum sama ya maka shi da bango. Bai rage ko ɗaya ba, har na ƙarshen da ba a bukata. Mai Kifi ta zube, kifin ya yi gefe.

Sai na ji dum. Hayasaka-san ne ya naushi injin, da wannan hannun na dama, ya bi shi da wata ashar da ban taɓa zaton mai ƙamshin man aski ya san ta ba. Dukan inji kuwa a gidana kora ce, kowa ya sani, na kori 'yan makaranta na kori manya masu laktaye a wuya a kansa. Na fito daga bayan kanta na tsaya a kansa.

"Hayasaka-san, injin ubanka ne? Ka sake taɓa mini shi, waje, da kai da sandarka."

Sai da sunan ya fita na gane na faɗe shi da ƙarfi, amma kiɗan banzan nan ya yi mini rana, ko kuma Sawatari ya yi kamar bai ji ba. Mai aski ya ɗago ya dube ni da karkataccen bakinsa, idonsa ya cika da ruwa, yana dariya marar sauti. Ya sunkuyar da kai ya ce ya tuba.

Ya laluba aljihu ya ciro kwandala. Ramin kuɗin ta dama yake, kuma da hannun dama ya nufe shi, ko da yake na hagu yana nan lafiya lau. Kwandalar tana buga bakin ramin tana zamewa. Ina tsaye kusa da shi, hannuna har ya fara tafiya da kansa, na mayar da shi na cusa a aljihun riga. Ya sake gwadawa. Ta kuɓuce, ta faɗi, ta gangara ta ɗan tsagin da ke tsakanin Tetsugeta da injin kusa da shi, ta ɓulla wancan gefe ta kwanta kusa da takalmin Sawatari.

Sawatari ya dube ta. Taku kaɗan ne ya zagayo ya miƙa, kuma aikinsa ke nan kullum, ɗauko wa mutane abin da ya faɗi. Inji ya riga ya turo masa wani ɗan dambe yana ta dukan Mai Takalmi, bai kula ba. Ya sa gefen takalmi ya tura kwandalar cikin tsagin, a hankali, fuskarsa na kan allo. Ta dawo ta tsaya a gindin kujerar mai aski.

Mai aski ya ɗauki lokaci kafin ya iya sunkuyawa ya tsince ta, ya ƙara ɗaukar wani kafin ya daidaita ta a bakin ramin. Na koma bayan kanta na ɗauki tsummata. Sai na ji ta faɗa ciki, allon Sawatari ya yi walƙiya, shi kuma ya goge ido da bayan hannu ya kama sandar inji.